Taron Tsintsiya Ba Shara: Abin da Sheda Ke Nuna wa Masu Kafa Kwamiti

Duk mutumin da ya taɓa hawa bayan tirela daga Kano ko Kaduna zuwa Anacha, Benin ko Fatakwal, ko kuwa ya shiga motar Ikko wadda ta kauce wa hanyar Jebba, to, ya ratsa ta Sheda, ko da bai san sunanta ba. Ƙaramin gari ne a ƙasar Kwali, gaba kaɗan da Gwagwalada, a bakin titin da ya tashi daga Abuja ya nufi Lakwaja. Galibi da tsakar dare ake wuce shi, direba yana tauna goro, yaran mota suna barci a kan buhunan albasa, mai kaya kuwa idonsa biyu, yana lissafin buhu nawa zai tarar sun ruɓe ko sun tsira kafin a sauke su a kasuwa.

Abin da yawancin fataken nan ba su sani ba shi ne, a daidai wurin da suke wucewa, bayan wata katanga, akwai na'urar da aka sayo da dukiyar ƙasa domin maganin wannan ciwon kai nasu. Tana harabar Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a farkon shekarun 1990, aka yi mata manyan ɗakunan bincike, aka tara mata masana waɗanda suka yi karatu mai zurfi a gida da waje. Ita na'urar, wadda aka ƙaddamar a 2006, aikinta shi ne haska kaya da wani irin haske mai ratsa abu, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Idan aka haska albasa, ko doya, ko dankalin Turawa, sai su daina tsira a ajiye. Idan aka haska wake, sai ƙwarin da ke ciki su mutu har da ƙwayayensu, ba tare da an barbaɗa masa magani ba. Abincin ba ya ɗaukar hasken ya riƙe, kuma tun 1980 wani kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Duniya da ta Makamashin Nukiliya ya tabbatar da cewa abincin da aka haska bisa ƙa'ida ba ya cutar da mai cinsa.

Ga na'ura a bakin hanya, ga masu bukatarta suna wucewa ta ƙofarta kowane dare, amma mai karatu ya tambayi kansa: a cikin 'yan albasar da ya sani a Mil 12, ko 'yan waken Bodija a Badun, mutum nawa ne suka taɓa jin labarinta? An sha yin kuka a jaridu cewa ba a cin moriyarta yadda ya kamata. A 2015 kuma ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake samu a jikinsa, watau ainihin matsalar da aka san irin wannan na'ura tana magancewa.

Masu saurin yanke hukunci za su ce laifin ma'aikata ne. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ciwon ya girmi na'urar, kuma ya bayyana sarai idan aka jera dokoki biyu da gwamnatin soja ta kafa a shekara guda, watau 1976, waɗanda dukkansu suka zo suka shafi Sheda.

Ta farko ita ce doka mai lamba 6. A watan Agusta na 1975, 'yan kwanaki bayan hawansa mulki, Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda. Mutum bakwai ne kacal, cikinsu har da Tai Solarin, da Kanar Pedro Martins, da Alhaji Muhammadu Musa Isma. Kafin a kira ko ɗaya daga cikinsu, an riga an rubuta abin da ake so. Shin Ikko za ta iya ci gaba da zama hedkwatar Tarayya kuma hedkwatar jiha a lokaci guda? Idan ba za ta iya ba, wanne za a ɗauke? Idan kuwa ta Tarayya za a ɗauke, ina za a kai ta? Aka kuma yanka musu wa'adi. Tambayoyi ne waɗanda ko mai sayar da shayi a Obalende zai iya fahimta, zai kuma iya gane ko an amsa su ko ba a amsa ba. A watan Disamba suka miƙa rahoto. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya yi wa ƙasa jawabi cewa an karɓi shawararsu, aka yanko fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 a tsakiyar ƙasa, Sheda da Kwali suka faɗa ciki. Kwana goma bayan haka aka kashe shi. Amma da yake abin da ake nufi a rubuce yake, ba a cikin kan mutum ɗaya ba, mutuwarsa ba ta kashe maganar ba. Gwamnatoci suka zo suka wuce, aka yi jinkiri, aka yi ɓarnar kuɗi wadda ba ta ɓoyuwa, duk da haka ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta tare a Abuja.

Ta biyu ita ce doka mai lamba 46, wadda ta kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. Zamanin ne da ake raɗe-raɗin cewa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu tana shirin ƙera bam, ga kuma kuɗin man fetur sun cika baitulmali, kowace ƙasa mai ji da kanta tana son a ce ita ma tana da irin wannan hukuma. Dokar ta lissafa wa hukumar ayyuka birjik: ta gina tashoshin samar da wutar lantarki, ta yi bincike, ta nemo ma'adinai ta haƙo su, ta horar da mutane, ta ba gwamnati shawara. Kowanne cikinsu abu ne mai kyau. Sai dai ba a ce ga wanda za a fara da shi ba, ba a ce ga ranar da za a gama ba, ba a kuma nuna mutumin da zai zo ya yi ƙorafi idan ba a yi ba. Me ya biyo baya? Hukumar ta zauna a takarda har shekara 30. Sai a 2006 aka tashe ta, kuma abin mamaki, wanda ya tashe ta shi ne Olusegun Obasanjo, mutumin da aka kafa ta a zamanin mulkinsa na soja. A tsakanin nan malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Ife sun yi ta ƙoƙarinsu, har a 2004 aka kunna wata 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Zariya mai ƙarfin kimanin kilowat 30. Amma tashar lantarkin da dokar ta ambata, har yau babu ita, ko da yake an zaɓi Geregu ta jihar Kogi da Itu ta jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren ginawa, an kuma sa hannu kan yarjejeniya da Rasha a 2017. Sashen nukiliya na Sheda, inda na'urar haska abinci take, daga baya hannun wannan hukuma ya koma.

Mutanen da suka shiga kwamitin Aguda ba su fi masanan nukiliya ilmi ba. Hasali ma, ta fuskar digiri, na biyun sun fi. Bambancin kawai shi ne an ba na farko aiki sannan aka nemo mutanen da za su yi shi, na biyu kuwa suna aka fara raɗawa, aka bar aikin ya nemo kansa.

Akwai wani abu game da na'urar Sheda da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya sani, domin shi ne ke nuna tsadar zaman jira. Hasken nan daga wani ƙarfe yake fitowa, wanda masana ke kira kobal mai lamba 60. Ɗabi'ar wannan ƙarfe ita ce, kowace shekara biyar da 'yan watanni rabin ƙarfinsa yana tafiya, ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba. Ba a kashe shi kamar injin niƙa a ce a adana mai. Idan aka rufe ƙofa aka tafi hutu, yana nan yana cin kansa a cikin rijiyar ruwan da ake ajiye shi. Watau idan ba a ƙaro sabo ba, bayan shekara goma sha shida abin da zai rage kashi ɗaya ne cikin takwas. Mai albasa ya fi kowa gane wannan lissafi, tun da shi ma hajarsa ba ta jiran ya gama shawara. Hukumar da ta sayi irin wannan kaya kafin ta san wa zai kawo mata buhun farko, da nawa za ta caje shi, da wace mota za ta tsaya, da inda za a jibge kayan bayan an haska su, daidai take da falken da ya loda tumatir a Kadawa sannan ya fara tambayar ina ne hanyar Kurmi.

A ƙasar Indiya, da aka tashi gina irin wannan na'ura domin albasa a farkon shekarun 2000, sai aka kai ta Lasalgaon, garin da ke da babbar kasuwar albasa ta ƙasar. Gaskiya ne manoman albasar can ma ba su yi rububinta kamar yadda aka zata ba. Amma da yake tun farko an gina ta ne da niyyar hidimar mai kaya, da aka ga haka sai aka nemo wani mai kayan, kuma daga 2007 mangwaron da Indiya ke sayarwa Amurka ya riƙa bi ta cikinta. Wanda ya san abin da ya fito nema, in bai samu a wannan rumfa ba, ya san ya matsa zuwa ta gaba.

Kada kuma a ɗauka cewa bayyana manufa yana warkar da kowace cuta. Kwamiti yana yin abin da aka sa shi ne, abin da aka manta ba a rubuta masa ba kuwa yana nan inda aka bar shi. An tambayi su Aguda ina za a kai hedkwata, suka amsa. Ba a ba makomar mutanen da ke zaune a wurin irin wannan nauyi ba, watau Gbagyi waɗanda Bahaushe ke kira Gwari, da Gade, da Koro, da Gwandara, da Bassa, da Ganagana. Da farko aka ce za a kwashe su duka a sake musu matsuguni da kuɗin gwamnati. A 1978, da aka ga yawansu da abin da aikin zai ci, aka sauya shawara, aka ce sai wanda ginin birni ya taɓa. Har yanzu jikokinsu suna kukan gonaki da diyya. Ƙasar Kwali ɗin nan ita ce ta haifi Ladi Kwali, magina tukwanen da hotonta ke bayan takardar Naira 20, abin da ke nuna cewa wurin ba dajin Allah ba ne da babu kowa. Saboda haka zaman da ake yi kafin a kafa kwamiti yana da aiki biyu: a faɗi abin da ake so, a kuma duba wa aka bari a waje.

Tsofaffin ma'aikata da ke karanta wannan shafi za su tuna da Udoji. A 1972 gwamnatin Janar Gowon ta kafa kwamiti ƙarƙashin Cif Jerome Udoji domin ya duba aikin gwamnati gaba ɗaya, kuma a rahotonsa na 1974 ya ba da shawarar cewa kowace ma'aikata ta riƙa faɗin abin da take son cim ma, a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa. Amma an haɗa masa wannan aiki da duba albashi a jaka ɗaya. Da rahoto ya fito, kowa ya cafke ƙarin albashi da kuɗin ariya, aka sayi babura da rediyo, farashin kaya ya tashi, maganar auna aiki kuwa ta bi ruwa. Yau idan aka ce Udoji, kuɗi ake tunawa.

To, me ya haɗa duk wannan da ɗan Arewa mazaunin Agege, ko Idi Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu? Abin da ya haɗa su shi ne, cutar da ke damun manyan hukumomi ita ce ke damun ƙungiyoyin zango da na kasuwa, sai dai a can biliyoyi ake asara, a nan kuwa gumin talaka. Kowa ya san yadda abin ke faruwa. An kama motar wani a hanya, ko an ƙara kuɗin rumfa, ko gobara ta tashi, rai ya ɓaci, sai a kira taro bayan sallar la'asar a ce lalle a kafa kwamiti. Nan take a shiga rabon kujeru: shugaba, mataimakin shugaba na ɗaya da na biyu, sakatare, ma'aji, mai binciken kuɗi, jami'in hulɗa da jama'a, uban ƙungiya. Sai an tabbatar Basakkwace ya samu, Bakano ya samu, Bakatsine da Babarbare ba su yi fushi ba. A yanka kuɗin rajista, a buga katin shaida da kalanda mai hotunan shugabanni. Wata shida bayan haka, idan baƙo ya tambayi mutum uku daga cikinsu me aka kafa su su yi, zai ji amsa uku. Wani zai ce haɗin kai, wani zai ce ci gaban al'umma, wani zai ce kare mutunci. Duk kalmomi ne masu daɗin ji, amma babu wanda zai iya zuwa ƙarshen shekara ya ce an yi ko ba a yi ba. Daga nan sai zargi ya shigo, a fara tambayar ina kuɗi suka shiga, ƙungiya ta dare biyu, kowane ɓangare ya buga tasa kalandar. Motar da aka kama tun farko kuwa, mai ita ya daɗe da sayar da gonarsa ya fanso ta.

Abin takaici shi ne, iyaye da kakannin mutanen nan ba haka suka yi ba. Ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja ba ya naɗa madugu sai an san inda aka nufa da abin da za a sayo. Daga nan ne ake duba wa ya san hanya, wa ya iya magana da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, wa zai shige gaba ya nemi zango. Haka kuma tsarin maigida da dillali wanda ya riƙe cinikin shanu da goro a Sabon Badun, unguwar da aka kafa tun 1916, har wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya rubuta littafi a kansa a 1969. Aikin maigida a fili yake: ya sauki baƙon da ya kawo shanu daga Arewa, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da mahauta, ya kuma tsaya masa idan an ɗauki dabba bashi. Ba shi da katin shaida, ba shi da hatimi. Amma ranar da mahauci ya ƙi biya, kowa ya san ƙofar da za a buga, kuma maigidan da ya kasa fito da kuɗin baƙonsa, baƙi sun daina sauka gidansa ke nan. Da wannan tsari aka yi cinikin dukiya mai ɗimbin yawa tsakanin mutanen da ba su jin harshen juna sosai, babu takarda, babu lauya.

Wani zai ce ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, tara jama'a shi ne gaba da komai, kuma a baƙon wuri ko zaman tare kawai riba ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Mutumin da ke nesa da gida yana bukatar inda zai zauna a gaisa da shi da harshensa, a yi masa jaje, a raka shi jana'iza. Idan don wannan aka taru, sai a faɗa, a kira abin da sunansa, kada a karɓi kuɗin mutane da sunan za a gyara musu kasuwa. Amma masu ɗaukar jinka, kafin su sa hannu, sun riga sun ga ɗakin da za su ɗora ta. Idan aka kira ƙarti goma aka ce su ɗaga, ba a nuna musu ɗaki ba, za su yi ta zagaya gari da ita ne har wuyansu ya gaji su yar.

Gwajin ba shi da wuya. Kafin a ambaci sunan kowa, mai kiran taro ya tashi ya faɗi aikin cikin numfashi ɗaya, da Hausar da ɗan dako zai gane. Ya faɗi ranar da za a dawo da amsa. Ya faɗi wanda zai amfana, a kuma tabbatar yana wurin, ko wakilinsa. Idan bai iya ba, taron bai nuna ba, a ɗage shi. Idan ya iya, sai a ga cewa aikin da kansa yana nuna mutanensa, kuma sau da yawa uku sun isa inda dā za a naɗa goma sha biyar. Wanda ya fi kowa kuɗi ko rawani ba lalle ne ya shiga ba. Wannan shi ne wurin da abin ke da zafi, domin a al'adar zango barin babban mutum a waje kamar cin fuska ne, kuma shi ya sa ake gudun bayyana aikin tun farko: muddin ba a faɗe shi ba, kowa ya cancanta.

Ga misali wanda ba ya bukatar izinin kowa. Ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan wake da 'yan doya na kasuwannin Kurmi suna da rajista, suna da kuɗi a asusu, motocinsu kuma suna bin titin Lakwaja dare da rana. Za su iya zaɓar mutum uku, ɗaya mai kaya, ɗaya direban da ya san hanya, ɗaya mai ilmin boko da zai iya rubuta abin da aka ce, su tura su Sheda da tambayoyi huɗu a takarda. Na'urar tana karɓar kayan 'yan kasuwa a halin yanzu? Buhu nawa take iya haskawa a yini? Nawa ne kuɗin buhu? Kwana nawa mota za ta tsaya? A ba su kuɗin mota da na masauki a Gwagwalada, a ce su dawo da amsa cikin mako uku, a karanta ta a gaban jama'a ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In amsar ta yi daɗi, a gwada da mota ɗaya a kakar albasa mai zuwa, a ajiye buhu hamsin da aka haska kusa da hamsin da ba a haska ba, a buɗe su gaban shaidu bayan wata uku. In kuwa aka ce musu na'urar ba ta karɓa, ko ƙarfinta ya ragu, to, sun dawo da takarda mai kwanan wata wadda za a iya ɗauka a kai wa ɗan majalisar da ke zuwa neman ƙuri'a a zango, a tambaye shi nawa aka ware domin sabunta ƙarfen a kasafin kuɗin bana. Ranar da aka karanta rahoton, a yi wa mutum ukun godiya, a sallame su, kowa ya koma rumfarsa.